Ƙarfen da Baba Kofur Ya Ɓoye

Masu tsofaffi a gida, musamman tsofaffin da suka taɓa ɗaukar bindiga, da ku nake. Mahaifina ya tashi daga jinyar da ta kusa tafiya da shi a daminar bara. Tun ina zaune a gefen gadonsa na yi wa kaina alkawari, in Allah ya fitar da mu da ransa, sai na rubuta yadda aka yi, ko wani ya tsira da abin da mu ba mu tsira da shi ba.

Sunana Rakiya, ina koyarwa a firamare a Kabo, inda nake aure. Baba yana ƙauyenmu a yankin Sabon Birni, ƙasar Gwarzo. Sunansa Haladu, amma in ka shiga garin kana cigiyar Haladu za ka sha yawo, Baba Kofur kowa ya sani. Ya shiga soja yana saurayi, ya yi yaƙin basasa har aka gama, ya dawo ya kama noma. Duk shekara ranar tunawa da 'yan mazan jiya sai ya goge takalmi, ya maƙala lambobinsa a ƙirji, a ɗauke shi a babur zuwa Gwarzo. Can za a jera su a rana, a karanta jawabi, a yi musu alkawura, a ba su lemo, su dawo. Ni abin haushi yake ba ni, shi kuwa bai taɓa fashi ba.

Abin da garinmu ke tinƙaho da shi game da Baba ya wuce lambobi. Cewa ake yi ƙarfe ba ya cin sa. Wai kafin ya tafi, kakarmu Iya ta yi masa shiri, ta ba shi wani abu ya sha, ta ɗaura masa guru a ƙugu, ya je ya yi shekara uku cikin ruwan harsashi ya dawo ko ƙwarzane babu. Da wannan labari aka raine mu. Samari sukan zo da goro su roƙe shi asirin, ya ce musu ba a bayarwa, su tafi suna ƙara ganin girmansa. Mu 'ya'yansa kuwa, har masu boko a cikinmu, ba wanda ya taɓa tambaya. Ubanmu ne, kuma labarin yana da daɗin ji.

A makon farko na dogon hutu, ƙanena Yusha'u, wanda ke zaune da Baba a gida, ya kira ni a waya. "Yaya, Baba fa ya daina zuwa gona, kuma a zaune yake salla." Mutumin da ko ranar da aka binne Inna, mahaifiyarmu, sai da ya zaga gonarsa da yamma. Washegari na hau mota.

Na same shi a ɗakinsa ya jingina da bango, da dogon wando da safa kamar kullum, ya ja bargo har cinya. Muka gaisa, ya tambayi maigidana, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi yadda ruwa yake a Kabo. Na ce, "Baba, ya jikin?" Ya ce, "Wane jiki? Sanyin damina ne. Yusha'u ne da neman magana." Ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta, abin da ban san shi da shi ba. A ƙarƙashin turaren kuma akwai wani wari da na kasa gane na mene ne.

A nan muka yi kuskuren farko, kuma irin namu ne. 'Ya mace ba ta yaye wa ubanta bargo, ɗa namiji ma ba ya cewa uba ya naɗe wando ya gani. Inna ce kaɗai ta san jikinsa, ita kuwa shekara biyu ke nan da rasuwarta. Sai daga baya na tuna yadda duk damina takan dafa ruwa, ta shiga ɗakinsa da tsumma ta ja ƙofa, mu muna ɗauka ciwon baya take gasa masa. Yusha'u ya karɓo maganin zazzaɓi a kemis, ni na dama masa kunu na yi masa farfesun kaza, na koma Kabo ina cewa da sauƙi.

Ba a rufa mako ba ya faɗi a hanyar banɗaki. Da Yusha'u ya cicciɓe shi, wandon ya zame sama, ya ga abin da ake ɓoyewa. Ya kira ni a waya. Da na iso ban nemi shawarar kowa ba, na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe min," na yaye bargon. Ƙafar hagu daga gwiwa zuwa idon sawu ta kumbura suntum tana ƙyalli, ta fara baƙi. A ƙasan gwiwa ta baya ga wani rami yana tsiyayar da mugunya, a gefensa kuma wani tsohon tabo mai tsawo. A lokacin hankalina bai tsaya kan tabon ba.

Na ce asibiti, yanzu-yanzu. Sai ga Baffa Sale, ƙanen Baba, wanda shi ne mai faɗa a ji in Baba ya kwanta. Ya hangi ƙafar daga bakin ƙofa, ya girgiza kai.

"Daji ne," ya ce. "Daji kuwa ba ya son allura. Ana tsira masa sai ya haukace ya bi jiki."

"Baffa, ko mene ne, likita ya kamata ya faɗa."

"Ke Rakiya, wannan bokon naki. To ko kin kai shi, wace allura ce za ta shiga jikin Yaya? Karyewa za ta yi su ji kunya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Na juya wurin Baba ina jiran ya raba mu, don shi ba mai tsoron asibiti ba ne, da kansa ya riƙa kai Inna lokacin ciwonta. Ya kalli rufin ɗaki ya ce, "Ba inda za ni. A yi yadda Sale ya ce."

Aka ɗauko mai magani daga kasuwa, ya shafe ƙafar da wani baƙin gari da man shanu, ya hana shi nama da kuɓewa. 'Yan dubiya kuwa kowacce da nata. Wannan ta ce sammu ne saboda iyakar gona, waccan ta ce wani abu ya taka a hanyar rafi, wata ta kwance saiwa daga bakin zane ta ce a jiƙa. Addu'a ban ƙi ba, ni ma na yi ta yi har bakina ya bushe. Amma ina ji ina gani kumburin yana ƙaruwa, baƙin yana matsowa sama. Na bar yara wurin surukata na tare a gida. Ni da Baffa muka koma daga gaisuwa sai gaisuwa.

A mako na uku zazzaɓi ya fara ɗauke masa hankali. Wata rana da azahar ina yi masa fifita, sai ya damƙi hannuna da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Idonsa a buɗe, amma ba ni yake gani ba. "Garba, sauke ni. Sauke ni ka gudu, Garba." Ya yi ta maimaitawa har ya gaji. Mu kuwa ba mu da wani Garba a dangi.

Ranar kasuwa ce, Baffa ba ya gari. Na ce wa Yusha'u ya nemo mota, in kuma tsoron Baffa yake ji ya ce ni na tilasta shi. An sheƙa ruwa da safe, hanya ta caɓe, motar tana kafewa a laka mutanen gona suna fitowa su tura mu. Baba yana kwance a cinyar Yusha'u yana nishi. Duk ramin da muka faɗa sai na waiwaya na duba ko yana numfashi.

Asibitin ba sai na kama sunansa ba. Mun tarar da layin kati har waje, mai yankar katin ya fita, da ya dawo ya ce kowa ya bi layi. Na ce masa tsohon nan ya tsaya a layin da ya fi wannan saboda ƙasar nan. Ya ɗago ya kalle ni, ya ci gaba da rubutunsa. Allah ya haɗa mu da wata nas mai tsoron Allah, tana wucewa ta hangi ƙafar, ta sa aka turo keke ta shige da mu ba kati ba komai. Ita ta ɗaura masa ruwa. Na ga Yusha'u ya zuba wa allurar ido, baki a buɗe. Ta shige hannun Baba kamar yadda take shiga hannun kowa. Ya kalle ni, na kawar da kai.

Aka ɗebi jini, aka yi wa ƙafar hoto. Washegari likita, wani matashi mai sanyin magana, ya kira mu ofishinsa ya ɗaga hoton a jikin taga. Ya nuna mana wani farin abu kusa da ƙashi.

"Malama, mahaifinku ya taɓa yin haɗari? Wannan ƙarfe ne, kuma ba na bana ba ne, ba na bara ba. Nama ya rufe shi shekara da shekaru. Yanzu suga ya kama shi bai sani ba, wurin ya ruɓe, ya fara cin ƙashi."

Ya ce likitan ƙashi daga birni yake zuwa, ranar Laraba kaɗai. In aka buɗe wannan Larabar, aka cire ƙarfen aka kankare ƙashin, akwai fatan ƙafar ta tsira. Sannan ya faɗi maganar da har yau take min yawo a ka: "Ciwon nan ba ya jiran a gama shawara."

Ruwa da allurai suka dawo da Baba hayyacinsa, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da likita ya yi masa bayani, sai ya ce, "Ɗana, hoton wani kuka ɗauko. Ni ƙarfe bai taɓa shiga jikina ba." Likita ya ce tunda yana cikin hankalinsa, ba mai ikon sa masa wuƙa sai da yardarsa. Yana fita Baba ya yafito mu kusa da shi.

"Abin da kuka gani a hoton nan, ban yafe ba in ya fita daga bakinku. Ko Sale kada ya ji."

"Ban yafe ba" daga bakin uba ba ƙaramar magana ba ce. Na roƙe shi, na yi kuka, na yi fushi, na ce masa, "Baba, wane ne Garba?" Ya juya fuskarsa bango. Laraba ta zo, likitan ƙashi ya tsaya a kansa ya lallashe shi har ya gaji, ya wuce gado na gaba. Da la'asar ina tsaye ina kallon motarsa tana fita daga ƙofar asibiti. Ban taɓa jin haushin mahaifina irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoron rasa shi irin na ranar ba.

Makon da ya biyo baya shi ne mafi muni. Kullum a wanke ciwon, kullum a rubuto magani a ce babu a nan, sai a kemis ɗin waje. Muka sayar da tumakin Baba, maigidana ya fitar da masarar da ya ajiye. Baba ya daina karɓar komai sai ruwan kunu, shi ma sai na yi da gaske. Baffa yana zuwa duk safiya da fushinsa. "Kun sato shi kun kawo an tsira masa allura, ga shi nan daji ya haukace." Kuma gaskiya baƙin ya kusa gwiwa, duk wanda ya gani sai ya ce Baffa ne mai gaskiya. Amsar tana bakina, an ɗaure min harshe. Daga ƙarshe ya ce ranar Laraba da safe zai zo da mota ya mai da yayansa gida, in mutuwar ce ta same shi a ɗakinsa. Baba ya gyaɗa kai. A ranar da ya faɗi haka likita ya ja ni gefe ya ce guba ta fara shiga jini, maganar ta wuce ta ƙafa kaɗai.

Ina wanke kwanuka a famfon asibiti na tuna Baba Saje Tanko na Durun, can ƙasar Kabo. A ƙarƙashinsa Baba ya yi yaƙi, kuma shi ke zama kusa da shi a taron kowace shekara. Na ce a raina faɗa aka hana ni, ba a hana ni tambaya ba. Ranar Talata na bar Yusha'u a kan Baba na kama hanya.

Na same shi a zaure yana tufka igiya da lalube, don yanar ido ta rufe masa gani. Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi damina, na amsa duka ina jin kamar in tsallake. Da ya zo kan "Ya Kofur?" sai na kasa cewa lafiya.

"Baba Saje, wane ne Garba?"

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

"Ƙafar ce ta tashi?"

Na ce ita ce. Ya ajiye igiyar a gefe.

"Mu uku muka tafi daga yankin nan a mota ɗaya, ni da ubanki da Garba na Mainika. Garba ya bar amarya da ciki. A bakin wani kogi can kudu, ana ruwa irin na kwanan nan, harsashin igwa ya faɗo kusa da ramin ubanki, guntun ƙarfe ya shige masa ƙasan gwiwa. An ba da odar a ja da baya. Garba ya riga ya fita, ya waiwaya bai ga Haladu ba, ya koma. Ya goya shi kamar yadda mace ke goya ɗa. Saura ƙiris su iso wurinmu harsashi ya sami Garba. Ni na jawo ubanki daga kansa. A tanti aka ɗinke ƙafar, ba lokacin tono, aka bar ƙarfen a ciki. Da ta warke ya koma bakin daga."

"To me ya sa ya ɓoye?"

"Ranar da muka dawo, kakarki ta tare shi a bakin gari tana guɗa. Ta shafa shi daga kai har ƙirji a gaban jama'a, tana cewa ku duba, ko ƙwarzane babu, shirina ya ci. Matar da ta yi shekara uku ba ta san barci ba. Ya ce bari sai gobe ya faɗa mata. Goben ce ba ta zo ba har ta rasu, kafin nan labari ya fi ƙarfinsa. Da ya je ta'aziyya Mainika, cewa ya yi Garba ya rasu a fagen fama, ya yi shiru. In ya ce yana goye da shi aka harbe shi, sai an tambayi dalilin goyon. Na yi masa faɗa, 'yata, har bakina ya gaji."

Na gaya masa halin da ake ciki, da maganar Baffa, da cewa gobe Laraba. Ya ɗaga murya ya kira matarsa, ya ce a ciro masa hularsa da takalminsa.

Na kwana a Kabo, da sassafe maigidana ya samo mota muka biya Durun muka ɗauke shi. Hanya ta ɓata mana lokaci. Muna isa na hangi motar da Baffa ya zo da ita a ƙofar ɗakin maza, an buɗe ƙofar baya ana jira. Yusha'u yana tsaye a bakin ƙofa ya rasa abin yi. A ciki Baffa ya naɗe tabarma, yana tattara kwanuka. Likitan ƙashi ya iso, yana ɗakin tiyata da wani.

Baba Saje ya shiga yana dogara sanda, ina riƙe da hannunsa. "Ina Kofur Haladu?" Baba ya ji muryar, ya yi yunƙurin miƙe zaune, ya kasa.

"Kwanta abinka," in ji Saje. Ya lalubi gefen gadon ya zauna, ya kama hannun Baba, suka gaisa kamar ba abin da ke faruwa. Sannan ya ce, "An ce gida za ka koma."

"Haka ne, Saje."

"To. Ni ba oda na zo ba ka ba, mun wuce nan. Kuma ba zan faɗi abin da kai ba ka faɗa ba. Tambaya ce ɗaya. Mutum nawa suka rage a duniya da suka ga abin da ya faru a bakin kogin nan?"

Baba ya ce, "Mu biyu."

"Mu biyu. Ɗaya makaho, ɗaya yana shirin mutuwa da gangan. In ka tafi wannan makon, ni in biyo ka da kaka, shi ke nan, Garba bai koma ya ɗauki kowa ba. Ya ba ka rai da nasa, kai kuma za ka zubar don kada a ce shirin Iya bai ci ba. Iya tana kabarinta, Haladu. Ta daɗe da sanin gaskiya."

Majinyatan sauran gadaje suka juyo. Baffa yana riƙe da kwano a hannu ya ce, "Wane Garba? Wace gaskiya?" Ni dai ina kallon ƙirjin Baba yana hawa yana sauka, ina jin direban motar yana danna oda a waje.

"Sale," Baba ya ce, "ajiye kayan nan. Zo ka yaye bargon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Baffa ya matso ya yaye.

"Ka ga tabon nan na baya? Ƙarfe ne. Yana ciki tun kana yaro. Ya ci ni kamar yadda yake cin kowa, kuma da wani bawan Allah bai goya ni ba, da tuni ba ka da yaya."

"To gurun fa, Yaya?"

"Tun a watan farko ya tsinke. Ban ma san inda ya faɗi ba."

Baffa ya zauna daɓas a ƙasa. "Ni fa da bakina na hana a kawo ka."

"Ni na sa ka," in ji Baba. Ya juyo gare ni. "Rakiya, na janye maganata. Kira likitan."

Ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai ranar. Likitan ƙashi ya zo ya kwance ƙafar, ya danna nan ya danna can, ya daɗe bai ɗago ba. "Makon jiya ƙarfe za mu cire," ya ce. "Yau ƙafar za mu cire, in muna son mu tsira da mutumin. Kuma ban yi muku alkawari ba, jikinsa ya yi rauni." Baba ya ce, "A yi, ɗana. Dama aro ce."

Aka ce a nemo jini, babu a ajiye. Motar da Baffa ya kawo don mai da shi gida ita ya tura ƙauye, ta dawo maƙil da samari, har da waɗanda suka sha kawo wa Baba goro. Baffa da kansa ya gaya musu abin da ke ƙafar, ba wanda ya juya. Aka shiga da shi gab da azahar. Muka yi azahar a barandar, muka yi la'asar, ba labari. Baba Saje yana jan carbi bai motsa daga inda na zaunar da shi ba. Duk ƙofar da ta buɗe sai na miƙe tsaye. Daga ƙarshe nas ɗin nan da ta fara taimakon mu ta leƙo ta ce an gama, yana numfashi. Ta miƙo min ƙarfen a 'yar kwalba. Bai fi ƙwallon dabino ba.

Mun ƙara makonni a asibitin ana wanke ciwo ana faɗa da suga. Akwai ranakun da zazzaɓi ya dawo har muka sake fid da rai. Akwai ranakun da yake cewa in sosa masa tafin ƙafar da babu ita, in rasa ko dariya zan yi ko kuka. Tsofaffin sojojin yankin suka yi ta zuwa, wani da ƙwai, wani da sabulu, wani da hannu kawai. Masu karanta musu jawabi kuwa ko ƙeyar ɗaya ban gani ba. Nas ɗin nan da likitocin biyu da samarin da suka ba da jini, Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan iyayensu. Baffa ma na yafe masa, shi ya riƙa ɗaukar Baba zuwa banɗaki har aka sallame mu.

Abin da zan ce wa masu tsofaffi kaɗan ne. Kunya tana da kyau, amma in tsohonku ya fara salla a zaune yana cewa lafiya lau, ku nemi gafararsa ku duba jikinsa da idonku. Ku auna masa suga ko bai so. Tsohon soja kuwa an koya masa ya haɗiye ciwo tun yana saurayi, ba zai faɗa muku ba. Ku nemi abokan yaƙinsa tun suna raye, su suka san abin da ku ba ku sani ba. Mako ɗaya ne tsakaninmu da ƙafar Baba, kuma har gobe ina jin ciwon makon nan.

Bayan an yanke gero, ranar da ya fara zuwa zaure da sanduna ba a riƙe shi ba, ya ce a nemo mota, Mainika za shi. Muka biya muka ɗauko Baba Saje. Cikin da Garba ya bari mace aka haifa, sunanta Ladi, yanzu ga furfura a kanta ga jikoki. Ta shimfiɗa musu tabarma a zaure, ta durƙusa ta gaishe su. Baba ya ƙi zama. Ya miƙa wa Yusha'u sandar dama, ya tsaya kan ƙafa ɗaya da sanda ɗaya jikinsa yana rawa, ya ƙame iya ƙarfinsa ya sara mata.

"'Yata, ubanki yana goye da ni aka harbe shi. Ya riga ya tsira, ya koma domina. Na zo in faɗa miki, kuma na makara."

Ta daɗe tana kallon ƙafar wandon da aka naɗe aka soke da fil. Ba ta yi kuka ba.

"Bara mahaifiyata ta rasu," ta ce. "Duk sojan da ya dawo sai da ta tambaye shi yadda aka yi. Har kai ta tambaya, Baba."

"Ta tambaye ni."

Na ɗauka tashi za ta yi ta bar mu, kuma da ta yi haka da ban ga laifinta ba. Sai ta leƙa cikin gida ta yi ta kiran sunaye, manya da ƙanana suka yi ta fitowa har zauren ya cika. Ta kama hannun Baba da kanta ta zaunar da shi a kan tabarmar.

"Ga jikokinsa nan da tattaɓa-kunnensa," ta ce. "Fara daga ranar da kuka shiga mota. Kada ka tsallake komai."